Wa Ya Shata Iyakar Mazaɓarku?

In kai manomi ne, ka san nauyin zancen iyaka. Tun kafin ruwan fari ya sauka, mai gona yakan zaga ya duba ko duwatsun nan da kakansa ya jera suna nan inda suke, ko kuwa gambar da ke tsakaninsa da maƙwabcinsa ta matsa kunya biyu da dare. A kan kunya biyu ɗin nan 'yan'uwa sukan shekara ba sa gaisawa. Amma akwai wata iyaka da ta fi ta gona tasiri a kan gidanka, wadda yawancinmu ba mu taɓa ganin taswirarta ba, ba mu kuma taɓa tambayar wanda ya shata ta ba. Ita ce iyakar mazaɓa, watau layin da ya ce mutanen wannan gari da na wancan za su haɗa ƙuri'unsu su aika da mutum ɗaya majalisa, na ƙetaren rafi kuwa za su haɗa da waɗansu dabam.

Abin da ya sa na ɗauko zancen a wannan wata, wani dattijo ne ya tare ni da tambaya. Ya ce tun da aka komo mulkin farar hula a 1999 yake jefa ƙuri'a, bai taɓa fashi ba, amma ɗan majalisarsu na tarayya bai taɓa taka ƙafa a yankinsu ba. Ya ce, "Malam, mu ne ba mu iya zaɓe ba, ko kuwa ƙuri'armu ce ba ta da nauyi?" Na ce masa, "Baba, mai yiwuwa ne ta biyun." Ya yi tsammani ba'a nake yi. To, ga bayanin da ban sami sukunin yi masa a tsaye ba.

Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa Hukumar Zaɓe ta Ƙasa, watau INEC, aikin raba ƙasa. Sashe na 71 ya ce ta raba kowace jiha gida uku domin Majalisar Dattawa, ta kuma raba Nijeriya duka gida 360 domin Majalisar Wakilai. Na dattawa ba ruwansa da yawan jama'a tsakanin jiha da jiha: Kano uku, Bayelsa uku, Abuja ɗaya, jimla 109. Amma na wakilai, sashe na 72 ya kafa sharuɗɗa. Kada mazaɓa ta ratsa jiha biyu. Yankunanta su kasance a haɗe gwargwadon iko. Yawan mutanenta kuma ya yi kusa da rabon da ya kamata kowace mazaɓa ta samu. Lissafin rabon nan ɗan firamare ma zai yi shi. Ƙidayar 2006 ta ba da mutum 140,431,790. Ka raba da 360, za ka sami wajen 390,000. Ke nan in ana bin ƙa'ida, kowane ɗan Majalisar Wakilai yana ɗauke da muryar mutum wajen dubu 390, ba wanda ya ninka wani.

Ku lura da abin da ba ya cikin sharuɗɗan. Babu kabila, babu addini, babu masarauta. Zan komo kan wannan.

Yanzu ga inda gizo yake saƙa. Mazaɓun da muka yi zaɓe da su a 1999, da 2003, har zuwa 2023, an shata su ne a 1996, zamanin mulkin soja na Janar Sani Abacha, bisa ga ƙidayar 1991 wadda ta ce mu miliyan 88 ne da ɗoriya, kusan 89. Yaron da aka haifa a shekarar da aka ja layukan nan, yau magidanci ne da 'ya'yansa a makaranta. Garuruwa sun cika sun batse, waɗansu ƙauyuka sun zama kufai, dazuzzuka sun zama unguwanni, amma taswira tana nan yadda sojoji suka bar ta.

Dubi Abuja. A ƙidayar 1991 mutanen Babban Birnin Tarayya ba su kai dubu 400 ba, aka ba su kujera biyu: ɗaya ta birni da Bwari, ɗaya ta Abaji, Gwagwalada, Kuje da Kwali. A zaɓen 2023 masu rajistar zaɓe kaɗai a Abuja sun kai 1,570,307, kujerunsu na nan biyu. Jihar Ekiti, mai masu rajista 987,647, kujera shida gare ta. Bayelsa, mai 1,056,862, kujera biyar. Ban faɗi wannan domin in ce a ƙwace wa Ekiti ko Bayelsa wani abu ba, sai domin a ga yadda ma'auni ya karkace. A cikin jiha ɗaya ma haka ne. A Legas, ƙaramar hukumar Alimosho tana da mutum fiye da miliyan ɗaya da dubu 200 a ƙidayar 2006, wakilinta ɗaya. Tsibirin Legas kuwa, mai mutum wajen dubu 210, wakilai biyu gare shi. Watau ƙuri'ar mutum ɗaya a tsibirin ta ɗara ta mutum goma a Alimosho nauyi. Duka 'yan ƙasa ɗaya, duka haraji ɗaya suke biya.

Wani zai ce, to, mene ne ruwan tukunyar gidana da wannan? Ruwanta kuwa da yawa. Ayyukan mazaɓa da ake sa wa cikin kasafin kuɗi, rijiyar burtsatse, ɗakin shan magani, ajin makaranta, ana raba su ne ta hannun 'yan majalisa. In wakili ɗaya yana da mutum dubu ɗari, wani yana da miliyan, ka san wanda rijiya za ta fi saurin isa ƙofar gidansa. Har wa yau ɗan siyasa ya iya lissafi. In ya ga zai ci zaɓe da ƙuri'un manyan garuruwa biyu na mazaɓarsa, me zai kai shi ƙauyen da ke bayan dutse, wanda sai an tsallake rafi sau uku? Halin da dattijon nan nawa yake ciki ke nan. An liƙa yankinsu a gefen wata mazaɓa kamar faci a gindin riga.

Rashin daidaiton yawa cuta ɗaya ce. Akwai ta biyu, wadda ta fi wayo, gama ana iya yin ta ko da kowace mazaɓa tana da mutane daidai wa daida. Bari in yi misali irin na allo. A ce gari ne mai masu zaɓe 500. Mutum 300 suna bayan jam'iyyar Dawa, 200 suna bayan jam'iyyar Gero. Za a raba garin gunduma biyar, kowace mutum 100. In mai jan layi ya bi unguwanni yadda suke zaune, mai yiwuwa Dawa ta sami kujera uku, Gero biyu, kowa ya sami gwargwadon ƙarfinsa. In shi ɗan Dawa ne, sai ya yanka garin yadda kowace gunduma za ta ƙunshi 'yan Dawa 60 da 'yan Gero 40. Dawa ta lashe biyar ɗin duka, mutum 200 sun tashi ba su da murya ko ɗaya. In kuwa ɗan Gero ne, sai ya cusa 'yan Dawa 90 a gunduma ta fari, 90 a ta biyu, ya bar su su ci waɗannan da babban rinjaye su yi ta kiɗa. Sauran 'yan Dawa 120 ya watsa su 40, 40, 40 cikin gundumomi uku, inda 'yan Gero suke 60 a kowace. Sakamako: Gero uku, Dawa biyu. Marasa rinjaye sun hau mulki. Ba a sace akwati ba, ba a sayi ƙuri'a ba, ba a doki kowa ba. Fensir ne kawai da taswira.

Wannan dabara tsohuwa ce. A 1812, a jihar Masacusets ta Amurka, gwamna Elbridge Gerry ya sa hannu a kan wata taswirar mazaɓu da jam'iyyarsa ta zana domin amfanin kanta. Ɗaya daga cikin mazaɓun ta yi ta lanƙwasa har masu jarida suka ce ta yi kama da wata dabba mai siffar ƙadangare, suka haɗa sunan gwamnan da na dabbar suka laƙaba wa wannan hali. Har yau Amurkawa suna fama da shi bayan kowace ƙidaya, gama a yawancin jihohinsu 'yan majalisa ne suke zana mazaɓun da su kansu za su tsaya takara. A jihar Mishigan jama'a suka gaji, a 2018 suka jefa ƙuri'a aka karɓe aikin daga hannun 'yan siyasa aka ba wani kwamiti na talakawan gari.

Mu komo gida. Me ya hana a gyara namu? Sashe na 73 ya ce hukumar zaɓe ta riƙa sake duba rabon, amma tsakanin dubawa da dubawa kada ya gaza shekara goma. Ku karanta da kyau. Dokar ta faɗi mafi ƙarancin lokaci, ba ta faɗi mafi yawa ba. Ta kuma ba da izini a duba bayan an yi ƙidaya, ko bayan an sake iyakar jihohi. An yi ƙidaya a 2006, ba a sake rabon ba. A zamanin Farfesa Attahiru Jega, wanda ya shugabanci hukumar daga 2010 zuwa 2015, an tasam ma aikin, amma zaɓen 2015 ya ƙarato aka jingine. Ƙidayar da aka shirya yi a watan Mayu na 2023 kuma, ana saura kwanaki kaɗan aka ɗage ta.

Babban ƙulli kuwa yana sashe na 74. Ko hukumar zaɓe ta gama zane, ba zai yi aiki ba sai Majalisar Dattawa da ta Wakilai kowace ta amince, sa'an nan sai majalisar da ke ci ta gama wa'adinta. Tun da yake adadin 360 a rubuce yake cikin Tsarin Mulki, duk kujerar da aka ƙara wa wani, daga hannun wani aka cire ta. Ke nan ana roƙon mutum ya ɗaga hannu a rushe kujerar da yake zaune a kai. Wanzami dai ba ya son jarfa. In kuwa an ce a ƙara adadin ya wuce 360, sai an gyara Tsarin Mulki, da yardar kashi biyu cikin uku na kowace majalisa ta tarayya, da ta majalisun jihohi 24 cikin 36.

Akwai kuma tsoro, ba na wasa ba. A 2014 hukumar zaɓe ta so ta ƙara rumfunan zaɓe wajen dubu 30 kawai, ba mazaɓu ba, sai ƙasa ta ɗauki zafi a kan nawa Arewa ta samu, nawa Kudu ta samu, har aka janye shirin. Sai a 2021, a zamanin Farfesa Mahmood Yakubu, bayan an zauna da jam'iyyu da ƙungiyoyi an yi ta shawara, aka ɗaga rumfunan daga 119,974 zuwa 176,846 ba tare da rigima ba. A lokacin ne kuma aka fitar da rumfuna 749 daga wuraren da ba su dace ba, har da gidajen mutane, da fadodin sarakuna, da majami'u, da masallatai. Ni a ganina darasin 2014 da 2021 shi ne, abin da aka ƙulla a ɗaki aka fito da shi bagatatan yakan jawo zargi, wanda aka baje a faifai kuwa yakan wuce lafiya. Mutanen Filato ba sa bukatar a tuna masu abin da zancen iyaka yake iya haifarwa. An raba ƙaramar hukumar Jos a 1991, gardama a kan rabon ba ta kwanta ba, zaɓen Jos ta Arewa na Nuwamba 2008 kuma ya ƙare da asarar ɗaruruwan rayuka, Kirista da Musulmi.

To, ina talaka zai sa hannu? Kada mu ruɗi kanmu, dokarmu ba ta buɗe ƙofa sosai kamar ta waɗansu ƙasashe ba. A Birtaniya, da aka sake rabon kujeru 650 a 2023, sai da hukumomin iyaka suka buga taswirar farko, suka ba jama'a makonni su kawo suka, suka zaga garuruwa suna sauraro, suka gyara suka sake bugawa. Doka ce ta tilasta masu. Namu Tsarin Mulkin bai ambaci irin wannan ba. Duk da haka akwai ƙofofi, sai dai ba mu cika ƙwanƙwasa su ba.

Ta fari tana cikin aljihunka. Ɗauko katin zaɓenka ka duba. Akwai lambobi da suke nuna jiha, ƙaramar hukuma, gunduma da rumfa. Gundumomin rajista 8,809 ne a ƙananan hukumomi 774, su ne kuma tubalan da ake gina mazaɓu da su. Ka san sunan gundumarka, ka san mazaɓar jiha da ta tarayya da ta faɗa ciki, ka san waɗanne garuruwa aka haɗa ku da su. Hukumar zaɓe tana da ofis a kowace ƙaramar hukuma, da kwamishina a kowace jiha. In ka rubuta kana neman bayani bisa ga dokar 'yancin samun bayani ta 2011, wajibi ne ofishin gwamnati ya amsa cikin kwana bakwai. Ba kullum suke cikawa ba, amma takardar da aka buga wa hatimin karɓa shaida ce a hannunka.

Sai zancen ƙidaya, a nan kuwa laifin namu ne. Kowa ya san al'adarmu: da an ce za a ƙirga mutane, sai a cika motoci a tafi ƙauye da mata da yara domin garinmu ya yi yawa. Niyyar mai kyau ce, amma ka duba abin da ka yi. Kana zaune a Mararraba ko Sabon Tasha wata goma sha ɗaya da rabi a shekara, nan 'ya'yanka suke makaranta, nan matarka take awo, nan kake bin layin ruwa, amma ka kai lissafin kanka wani wuri. In aka zo rabon mazaɓu da asibitoci, sai a ce unguwarku mutum kaɗan ne. Haka yake da katin zaɓe. Hukumar tana da hanyar mayar da rajista zuwa inda mutum ya koma da zama. A zaɓen 2023 akwai rumfuna 240 da ba a yi zaɓe a cikinsu ba domin ba ko mutum ɗaya da ya yi rajista a can, alhali a waɗansu mutane suna tsaye cikin rana har dare.

Ƙofa ta gaba ita ce taron jin ra'ayin jama'a. A Nuwamba 2012 Majalisar Wakilai ta kira taro a dukan mazaɓu 360 a rana ɗaya a kan gyaran Tsarin Mulki. An kuma yi tarurrukan shiyya a 2021 da 2025. Waɗanda suka je sun ga abin da yakan faru: masu neman sabuwar jiha da sabuwar ƙaramar hukuma sukan cika zauren da ganguna, mai zancen daidaita mazaɓu kuwa da ƙyar ka ga ɗaya. In za ku je, kada ku je da baki kawai. Ku rubuta takarda, gajeriya, shafi biyu ko uku. Ku sa sunayen gundumominku da yawan masu rajista a kowace, ku kwatanta da na mazaɓar da ke maƙwabtaka da ku. Ku zana taswira, ko da ta hannu ce, ku nuna kogin da ba gada, da dutsen da ya raba ku da hedkwata, da kasuwar da kuke ci, da nisan tafiya a damina. Ma'aikacin da ke Abuja yana ganin layi ne a takarda, mai ɗaki kuwa shi ya san inda yake masa yoyo. Malaman makaranta da ma'aikatan da suka yi ritaya, wannan aikinku ne. Mata kuma kada a bar su a baya, gama su suka fi kowa sanin nisan asibiti.

A nan zan komo kan maganar da na ajiye. Sau da yawa in mutanenmu suka tashi neman mazaɓa, abin da ke bakinsu shi ne, a ware mana tamu, mu kaɗai, kabilarmu, addininmu. Na fahimci ciwon da ke jawo wannan, gama wanda aka daɗe ana dannewa ba ya son a sake haɗa shi da kowa. Amma takarda irin wannan ba ta da ƙafa a gaban sashe na 72, domin ba ta tsaya a kan yawan jama'a ko haɗuwar yanki ba. Banda haka, ku sake duba misalin Dawa da Gero. Cusa mutane iri ɗaya a gunduma ɗaya, ai ita ce dabarar da aka yi amfani da ita aka karya masu rinjaye. Kuna iya samun kujerarku ɗaya tabbatacciya, sauran 'yan majalisa kuma su daina bukatar ƙuri'arku har abada. Takardar da fasto da liman da mai unguwa da shugabar mata suka sa wa hannu tare, suna cewa hanyarmu ɗaya, kasuwarmu ɗaya, ga yawanmu, ta fi wuyar jefawa a kwandon shara.

Kotu ma ƙofa ce, an kuwa bi ta an dace. Sashe na 91 ya ce majalisar dokokin jiha ta zama ninki uku ko huɗu na kujerun jihar a Majalisar Wakilai, amma kada ta gaza 24, kada ta wuce 40. Shi ya sa Kano da Legas, masu wakilai 24 kowace, suka tsaya a 40, Nasarawa mai biyar ta sami 24. Amma ku yi lissafin Bauci: wakilai 12, sau uku 36, kujerun majalisarta kuwa 31 ne a zaɓen 2023. Kaduna mai 16 tana da 34. A waɗansu wurare akwai mazaɓun jiha da suke nan a dā, aka haɗiye su a rabon 1996. Mutanen Oju a Jihar Binuwai suna cikin waɗanda suka kai ƙara a kan haka, kotu ta ba su gaskiya. Ta irin waɗannan shari'u ne jimlar mazaɓun jihohi ta tashi daga 990 zuwa 993 a zaɓen 2023. Hanya ce mai tsawo mai cin kuɗi, sai al'umma ta haɗa hannu, ta kuma adana tsofaffin takardu.

Ga 'yan'uwanmu masu karatu a Gana, ku kun ga ɗaya gefen abin. Hukumar zaɓenku ba ta barin taswira ta tsufa: kujeru 200 suka zama 230 a 2004, suka zama 275 a 2012. Amma da aka ƙirƙiro yankin Oti, aka fitar da garuruwan Santrokofi, Akpafu, Likpe da Lolobi daga inda suke, ba a gama shirya masu mazaɓa ba har zaɓen Disamba 2020 ya zo. Suka zaɓi shugaban ƙasa, amma aka ce ba za su zaɓi ɗan majalisa ba. Shekara huɗu suka yi ba wakili, suna rubuta koke, suna zuwa kotu, sai a zaɓen 2024 aka ba su mazaɓar Guan, ta 276.

Dattijon nan da na ambata, na koma wurinsa da takarda da biro. Muka rubuta sunayen gundumomin yankinsu, muka sa jikansa ya je ofishin hukumar zaɓe na ƙaramar hukuma ya nemi yawan masu rajista a kowace. Sau biyu ana ce masa mai makullin ba ya nan. A zuwa na uku ya tafi da wasiƙa kwafi biyu, ya ce a buga masa hatimi a ɗaya ya koma da ita gida. Kafin mako ya zagayo aka kira shi ya zo ya karɓa.